Ayurbeda da tsohon ciwo: a riƙi tausa da gashi, a yi hattara da ƙwayoyin kwalba

Ya Edita,

Assalamu alaikum. Muna roƙon ka ba mu fili a wannan jarida mai farin jini, mu yi magana da 'yan'uwanmu mazauna Legas game da maganin Indiya da ake kira Ayurbeda, wanda tallarsa ta cika Facebook da TikTok da zaurukan WhatsApp. Waɗanda aka fi yi wa kwaɗayinsa su ne masu ciwon baya, ciwon gwiwa da sanyin ƙashi da ya ƙi ci ya ƙi cinyewa. Irin waɗannan bayin Allah kuwa ba su da wuyar samu a cikinmu. Ga ɗan dako a Mile 12 da ke sauke buhunan albasa tun asuba, ga direban tirela da ke kwana a layin Apapa, ga mai gadi da ke raba dare a zaune kan benci, ga tela a Agege da ke yini a sunkuye kan keke, ga kuma iyayenmu mata da gwiwa ta hana su ruku'u da sujada yadda suke so. Duk ciwon da ya wuce wata 3 bai tafi ba, likitoci na lissafa shi a matsayin tsohon ciwo, kuma kula da shi daban take da ta targaɗe ko buguwar jiya.

Abin da ya sa muka ɗauki alƙalami shi ne masu talla sun juya abin. Amfanin Ayurbeda ga mai tsohon ciwo yana cikin tsarin yini, tausa da mai, gashi, motsa jiki daidai ƙarfi, da lura da jiki, kuma duk waɗannan kusan ba sa cin ko sisi. Haɗarinta yana cikin kwalabe da ƙwayoyin da ake saye da tsada. Su kuwa masu talla kwalbar kaɗai suke nuna maka, domin a nan ribarsu take.

Ayurbeda tsohon ilimi ne mai littattafai, manyansu su ne Charaka Samhita da Sushruta Samhita, sai Ashtanga Hridaya da ya zo daga baya. Gwamnatin Indiya ta kafa ma'aikata ta musamman mai suna AYUSH a 2014 don kula da shi da 'yan'uwansa, kuma likitan Ayurbeda a can sai ya yi karatun shekara biyar da rabi kafin a ba shi izinin duba marar lafiya. A 2022 Hukumar Lafiya ta Duniya ta aza harsashin cibiyarta ta magungunan gargajiya a garin Jamnagar na jihar Gujarat. Saboda haka wanda ya kalli bidiyo goma a waya ya buɗe shago, bai zama likitan Ayurbeda ba. A fahimtar masu Ayurbeda, abubuwa uku ne ke tafiyar da jiki: vata, pitta da kapha. Mafi yawan ciwon gaɓoɓi da na jijiyoyi suna jingina shi ga vata, wadda suka siffanta da bushewa, sanyi da rashin zama wuri ɗaya, don haka suke yaƙarta da mai, ɗumi da tsayayyen lokaci na ci da barci. Wannan rabe-raben hanya ce ta tsara tunani, ba abin da gwajin jini zai nuna ba, kuma ba sai mutum ya yarda da shi ba kafin ya amfana da aikin. An yi wani gwaji a Balin ta ƙasar Jamus, aka buga sakamakonsa a 2018, a kan mutum 151 masu zaizayar gwiwa. Waɗanda aka kula da su ta hanyar Ayurbeda sau 15 cikin mako 12 sun fi samun sauƙi a kan waɗanda aka yi wa kulawar da aka saba. Amma a lura, abin da aka yi musu ya haɗa da tausa, gyaran abinci, motsa jiki da shawarwarin zaman yau da kullum a hannun ƙwararru, ba ƙwaya ɗaya aka miƙa musu ba.

Farkon aikin shi ne lura da jiki, kuma shi ne mutane suka fi rainawa. Mai ɗaki shi ya san inda yake masa yoyo, amma da yawa daga masu tsohon ciwo idan aka tambaye su sai su ce "ko'ina ne" ko "kullum ne". Ayurbeda ta so a tashi kamar awa ɗaya da rabi kafin fitowar rana, wanda a Legas ya zo daidai da kiran assalatu, don haka mai sallar asuba bai da wani sabon nauyi. Bayan sallah, a zauna minti 5 a bi jiki da hankali tun daga tafin ƙafa har wuya. Ina ne ke ciwo? Suka ne, ko zugi, ko nauyi, ko kamar ana zuba barkono? A ba ciwon maki daga 0 zuwa 10, a rubuta a ƙaramin littafi ko a waya, da boko ko da ajami. A ƙara da awa nawa aka yi barci, ko an yi bayan gida cikin sauƙi, ko akwai jin yunwa ta gaskiya, da aikin da aka yi jiya. Bayan mako 2 abin zai fara fitowa fili: wani zai ga bayansa na tashi ne duk washegarin ranar da ya daɗe a cunkoso, wata za ta ga gwiwarta na tsananta idan ta kwana ƙasa da awa 5.

Akwai abu ɗaya da muke so a auna da agogo, wato tsawon lokacin da gaɓa ke ɗauka a sandare da safe kafin ta saki. Idan cikin minti 30 ta saki, yawanci zaizayar gaɓa ce ta shekaru da aiki, kuma abin da za mu bayyana a ƙasa zai taimaka. Idan kuwa tana kai awa ɗaya ko fiye, musamman a yatsun hannu biyu tare da kumburi, to wannan alama ce ta amosanin gaɓɓai mai cin gaɓa daga ciki. Shi yana bukatar maganin asibiti da wuri, domin gaɓar da ya lanƙwasa ba ta miƙewa, kuma babu man da zai tsayar da shi.

Sai tausa da mai, wadda suke kira abhyanga. Man da suka fi yabo shi ne man riɗi, abin da Allah ya hore mana a Jigawa, Nasarawa da Binuwai, ba sai an yi odarsa daga Indiya ba. A nemi wanda aka matse daga ɗanyen riɗi, mai launin ruwan zuma mai haske. Wanda aka soya riɗinsa ya yi baƙi-baƙi na girki ne, ƙanshinsa ya yi ƙarfi ga fata. A shinshina kafin a saya: idan yana warin tsohon mai ko yana ɗaci a harshe, ya lalace, kuma zai sa ƙaiƙayi. A gida, a juye kamar rabin lita a tukunya mai tsabta, a ɗiga ruwa ɗigo biyu, a ɗora a wuta marar ƙarfi, a tsaya a kai. Da an ji ruwan ya fara tartsatsi sai a sauke, a bari ya huce, a zuba a kwalbar gilashi mai murfi, a ajiye inda rana ba ta kai wa. Wannan dafawar sau ɗaya ake yin ta. Kada a bari ya yi hayaƙi, domin man da ya ƙone ya tashi daga aiki.

Ranar tausa, cokalin cin abinci 2 zuwa 3 ya isa gwiwa biyu ko ƙugu, jiki duka kuma kamar rubu'in kofin shayi. A zuba a ƙaramar kwalba, a tsoma ta cikin kwanon ruwan zafi na minti 5. Ba a ɗora man tausa a wuta kai tsaye, don yana wuce zafin da fata za ta ɗauka ba tare da an gani ba. A ɗiga a cikin wuyan hannu a ji: ɗumi ake so, ba zafi ba. A kan dogayen ƙasusuwa, wato cinya, ƙwauri da damtse, a ja tafin hannu dogon ja, sama da ƙasa, a ɗan fi danna wa idan za a yi sama. A kan gaɓa kuma a kewaya. Ga gwiwa, a fara da naman cinya na gaba da na baya na minti 3, domin yawancin zugin gwiwa daga tsukewar wannan naman yake ƙaruwa, sannan a kewaye ƙoƙon gwiwar da tafin hannu biyu, a bar ramin bayan gwiwa da shafa kawai ba dannawa. Ga ƙugu, a bi naman da ke gefe biyu na ƙashin baya, kada a hau kan ƙashin kansa. Minti 10 zuwa 15 sun wadatar. A bar man a jiki na wasu minti 15, sannan a yi wanka da ruwan ɗumi. Sau 3 ko 4 a mako ya fi a yi awa biyu rana ɗaya a manta.

Inda ake kuskure a nan yana da yawa. Na farko, mutanenmu sun ɗauka tausar da ba ta sa mutum ƙara ba ba ta shiga ba. Har yaro ake sa wa ya hau bayan babba ya tattaka. Naman da ya daɗe yana ciwo idan aka murje shi da ƙarfi sai ya ƙara ɗaurewa don kare kansa, washegari a tashi da ciwon da ya fi na jiya. Ma'auni shi ne mutum ya iya numfashi a natse yana hira ana yi masa. Na biyu shi ne yanayin Legas. An tsara man riɗi don sanyi da bushewa, mu kuwa nan zafi ne da gumi. Daga Fabrairu zuwa Afrilu man riɗi a jiki duka kan toshe ƙofofin gumi ya fito da ƙurajen zafi, don haka a lokacin a koma man kwakwa, wanda ke da sauƙin samu daga wajen Badagiri, ko a taƙaita man ga gaɓar da ke ciwo. A bar man riɗi sai damina ta kankama a Yuni da Yuli, ko lokacin hunturu. Man kaɗanya da aka narkar ma yana yin aikin. Na uku, santsi: a goge tafin ƙafa da tsumma kafin a shiga bayi, musamman inda aka sa tayil, domin karayar ƙugu ga tsoho ta fi ciwon gwiwa muni nesa ba kusa ba. Wanda bai taɓa shafa man riɗi ba ya gwada kaɗan a damtse ya jira kwana ɗaya, don akwai waɗanda jikinsu ba ya karɓarsa.

Akwai kuma lokutan da Ayurbeda da kanta ta hana tausa, kuma likitancin zamani ya yarda da ita: bayan cin abinci, lokacin zazzaɓi, a kan rauni ko ƙurji, da kan gaɓar da ta kumbura ta yi ja tana zafi. Muna ƙara ɗaya da babbar murya saboda direbobinmu masu doguwar tafiya da mata masu jego. Idan sha-raɓa ɗaya ta kumbura, ta yi tauri tana ciwo, ɗayar kuma lafiya lau, kada a taɓa ta. Yana iya zama gudan jini ne a jijiya, tausa kuma na iya tunkuɗa shi zuwa huhu, mutum ya faɗi nan take. Asibiti za a nufa a ranar.

Gashi ba baƙo ba ne a wurin Bahaushe, sai dai Ayurbeda ta bambanta iri biyu. Idan gaɓa ta bushe tana ƙara, ana gashi bayan an shafa mai. Mafi sauƙi a gida shi ne a jiƙa tsumma mai kauri da man ɗumi, a shimfiɗa a ƙugu ko gwiwa, a ɗora tawul da aka matse daga ruwan zafi a kai, ana sabunta shi har minti 15 zuwa 20. Idan kuwa gaɓar nauyi take yi, ta sandare, kuma an lura mai na ƙara mata ciwo, sai a yi busasshen gashi. A soya yashi mai tsabta ko gishiri mai tsakuwa kofi 2 a kasko, a juye a ƙyalle mai kauri ninki biyu, a ɗaure kamar ƙunshin goro. A gwada a damtse tukuna. A riƙa ɗorawa ana ɗagawa, ba a ajiye shi wuri ɗaya ba, na minti 10 zuwa 15. Mai ciwon suga da ƙafarsa ta fara mutuwa ba ya jin zafi yadda ya kamata, zai iya ƙonewa bai sani ba, ƙunar kuma ta zama gyambon da zai kai ga yanke ƙafa. Shi kada ya gasa ƙafa ko kaɗan. Haka nan kada a shafa man zafi irin su Robb ko Aboniki sannan a ɗora gashi a kai, haɗuwar biyun na saɓule fata. Kuma ba a yin barci da abin gashi a jiki.

Wata ƙa'ida da muke ganin ta fi kowace daraja a littattafan nan ita ce ta motsa jiki. Sun ce a yi shi da rabin ƙarfi, alamarsa kuwa gumi ya tsattsafo a goshi da hammata, numfashi ya fara neman fita ta baki, sai a tsaya. Mai tsohon ciwo kan faɗa ɗaya daga cikin ramuka biyu. Ko dai ya kwanta ya daina komai don tsoro, naman jiki ya saki, gaɓa ta ƙara sandarewa, ko kuma ranar da ya ji dama-dama ya biya bashin aikin mako guda, ya kwanta kwana uku. Mafita ita ce a auna. Idan tafiyar minti 20 ce ke tayar da ciwon, a fara da minti 10 kullum, da ranar daɗi da ranar wuya, a ƙara minti 2 duk mako. Ga gwiwa, a zauna a kujera a miƙe ƙafa, a riƙe ana ƙirga 5, a sauke a hankali, sau 10 kowace ƙafa, safe da yamma. Ga baya, a kwanta rigingine a jawo gwiwa ɗaya zuwa ƙirji a riƙe ana ƙirga 20, a sauya. Idan ciwo ya ɗan motsa lokacin yi amma ya koma yadda yake kafin washegari, babu laifi. Idan ya haura da maki 2 ko fiye kuma ya kwana, an wuce gona da iri, a rage rabi. Tela da mai gadi da direba su riƙa miƙewa duk minti 30 zuwa 40, ko da taku goma ne. Mai ƙiba kuma ya sani cewa duk kilo 1 da ya rage yana sauke wa gwiwarsa nauyin kusan kilo 4 a kowane taku.

Numfashi ma yana da nasa rabon. A shaƙa ta hanci ana ƙirga 4, a fitar a hankali ana ƙirga 6, na minti 5 kafin barci, hannu a kan ciki ana jin yana tashi yana sauka. Ba ya gyara ƙashi, amma yana sassauta naman da ciwo da damuwa suka ɗaure, barci ya samu. Wanda bai yi barci ba kuwa ciwonsa na ninkuwa washegari, wannan sananne ne.

A ɓangaren abinci, Charaka, mai littafin Charaka Samhita, ya ce a raba ciki uku: kashi ɗaya na abinci, ɗaya na abin sha, ɗaya a bar shi fili. Musulmi zai ji wannan ya yi masa kama da hadisin da ya sani, kuma haka ne. Babban abinci da rana, na dare marar nauyi, a ci shi awa 2 zuwa 3 kafin kwanciya. Mun san halin Legas, mutum ya bar kasuwa ƙarfe 6 ya isa gida ƙarfe 10, ya ci tuwo ya kwanta. Wanda abin ya zame masa haka, gara ya ci mai nauyin da la'asar a wurin aiki, ya sha kunu ko koko idan ya isa gida. Masu Ayurbeda sun kuma lissafa bukatu 13 da ba a danne su, cikinsu har da fitsari, bayan gida, ƙishirwa da barci. Direban da ke ƙin shan ruwa don kada fitsari ya kama shi a layi yana gayyato taurin bayan gida da tsakuwar ƙoda, yunƙurin bayan gida mai tauri kuma yana ƙara wa ƙugu ciwo.

Kayan ƙamshi na kicin suna da ɗan taimako idan an tsaya a ma'aunin abinci. Ɗanyar citta kamar girman babban yatsa, a daddaka a tafasa a ruwa kofi 2 na minti 10, a sha sau ɗaya ko biyu a yini. Kurkur rabin ƙaramin cokali a kofin madara, da ɗan masoro kaɗan, a dafa minti 5. A sayi saiwar kurkur a daka da kai, domin an taɓa gano a Bangaladash ana zuba wa garinsa wani sinadari mai dalma don ya ƙara launi. Mai gyambon ciki, mai tsakuwar matsarmama, mai shan maganin tsinka jini, da wanda za a yi wa tiyata, su tambayi likita kafin su mayar da waɗannan abin sha na kullum. Ƙwayoyin kurkur masu ƙarfi da ake sayarwa a roba wani abu ne daban, an samu waɗanda suka taɓa musu hanta.

To, ga inda muke roƙon mai karatu ya buɗe kunne. A cikin Ayurbeda akwai wani reshe da ake kira rasa shastra, inda da gangan ake haɗa magani da ƙarafa da aka ƙone suka zama toka: dalma, zaiba, asinik da sauransu. Masu yi suna cewa sun tsarkake su, amma gwaji ya nuna gubar tana nan. A 2004 mujallar ƙungiyar likitocin Amurka ta buga binciken da aka yi a Bostan, inda aka sayi magungunan Ayurbeda 70 a shaguna, aka samu dalma, zaiba ko asinik a 14 daga ciki. A 2008 aka sake yi da waɗanda ake saye ta intanet, sakamakon ya sake fitowa kusan ɗaya cikin biyar. Mu da muka ga abin da gubar dalma ta yi a Zamfara a 2010, inda yara sama da 400 suka rasu, ba ma bukatar dogon bayani. A karanta jikin kwalba. Duk inda aka ga kalmar bhasma, ko rasa, ko sindura, a ajiye. Naga bhasma tokar dalma ce. Wani sanannen maganin gaɓoɓi mai suna Mahayogaraj Guggulu yana ɗauke da irin waɗannan tokar a tsarin haɗinsa na asali. Alamun dalma a jikin babba su ne murɗawar ciki, taurin bayan gida, ƙarancin jini, kasala da raunin wuyan hannu, kuma sau da yawa sai a ɗauka basir ne ko shawara, a ƙara wani maganin a kai.

Ganyayen ma ba duka ne lafiya lau ba. Ashwagandha, wadda aka fi tallatawa don ƙarfi da barci, an samu rahotannin ta taɓa hanta, tana iya motsa maƙoƙo, ba ta dace da mai ciki ba, kuma ƙasar Denmak ta hana sayar da ita a 2023. Wata tsiro mai suna giloy ma an danganta ta da ciwon hanta a Indiya lokacin korona. Man zurma da suke bayarwa don wankin ciki yana jawo gudawa mai ƙarar da ruwan jiki, yana iya tayar da naƙuda, 'ya'yan zurma kuwa guba ne tsantsa. Wankin jiki da suke kira panchakarma, mai haɗe da sa amai da gudawa da ɗura ta dubura, aikin asibiti ne a ƙarƙashin ido, ba na ɗakin haya ba. Shallaki da guggul itatuwan magani ne na Indiya, kuma kada wani ya ce tunda hano ɗan'uwan shallaki ne, dashi kuma ɗan'uwan guggul, sai ya saro ɓawonsu ya auna da ma'aunin Indiya. Dangi ne, amma ba itace ɗaya ba ne.

Wani abin da ke ƙona mana rai shi ne garin magani marar suna da ke ɗauke ciwo cikin awa biyu kamar an zare ƙaya. Ganye ba ya aiki da wannan saurin. An sha kama irin waɗannan da haɗin sitiroyid ko diklofenak a ɓoye. Mai sha zai ga fuskarsa ta yi kumburi ta zagaye, ciki ya fito, suga da hawan jini su tashi, ƙashi ya yi rauni. Wanda ya ga haka bayan ya daɗe yana sha kada ya yanke rana ɗaya, domin yankewar ma haɗari ce, ya tafi da maganin wurin likita a janye masa a hankali. Wannan gargaɗin ya shafi haɗin da ake saye a teburin mai magani da kuma tiramadol, waɗanda suka cinye ƙodar mutane da yawa da hankalin matasa. Lambar NAFDAC a jikin maganin ganye tana da muhimmanci, a duba ta, amma a sani ba shaida ba ce cewa yana warkar da duk abin da aka lissafa a takardar. A Legas akwai Hukumar Magungunan Gargajiya ta jiha da ke yi wa masu wannan sana'a rajista, mai shago ya nuna takardarsa kafin a miƙa masa jiki.

Ga masu tambaya ta fuskar addini, tausa da gashi da tsarin ci ba su da alaƙa da bauta. Sai dai Ayurbeda ta taso cikin al'adar Hindu, wasu wuraren suna haɗa aikin da addu'o'insu, kuma mutum na da ikon cewa a bar wannan. Magungunan ruwa da sunansu ya ƙare da arishta ko asava jiƙo ne da aka bari ya tsima, akwai giya a cikinsu. Gomutra kuma fitsarin saniya ne, yana cikin wasu haɗe-haɗen. Mace ta nemi mace ta yi mata tausa, namiji ya nemi namiji.

Akwai alamun da idan an gan su, batun mai da gashi ya ƙare. Ciwon baya tare da mutuwar ƙafafu, ko kasa riƙe fitsari da bayan gida, ko rashin ji a tsakanin cinyoyi, wannan na gaggawa ne a cikin awoyi, jinkiri na iya barin mutum a kwance har abada. Ciwon baya da ke hana barci tare da rama, zazzaɓin dare da gumi, a binciki tarin fuka na ƙashin baya, wanda har yanzu yana nan a cikinmu kuma yana warkewa da magani. Gaɓa ɗaya da ta kumbura dare ɗaya tana zafi da zazzaɓi, a je a duba ko ƙwayar cuta ce ta shiga. Mai sikila da ciwon ƙashi ya taso masa, ɗumi da shan ruwa suna taimakawa, amma ba sa maye gurbin asibiti. Ciwon kafaɗar hagu ko muƙamuƙi tare da nauyin ƙirji da gumi, zuciya ce ake tuhuma.

Wanda ba shi da ko ɗaya daga cikin waɗannan, ya ba tsarin mako 6 cur, yana rubutawa. Idan makin ciwon ya sauka, ko tafiyarsa ta ƙaru, ko barcinsa ya gyaru, ya ci gaba. Idan babu canji, ya ɗauki littafinsa da duk kwalaben da yake sha, na asibiti da na gargajiya, ya nufi sashen gashin ƙashi a Asibitin Ƙashi na Igbobi, ko LUTH da ke Idi-Araba, ko LASUTH a Ikeja, ko babban asibitin gwamnati mafi kusa da shi. Muna kuma roƙon sarakunan Hausawa da limamanmu na Agege, Idi-Araba, Mile 12, Obalende da Alaba Rago su taimaka wajen isar da gargaɗin kwalaben nan a masallatai da tarukan ƙungiyoyin kasuwa, domin da yawa daga masu sayensu ba sa karanta jarida.

Wassalam.

Daga wasu ma'aikatan gashin ƙashi,
Agege, Legas.